Ko Biyan Kuɗin Makaranta Yana Sauke Nauyin Uba?

Duk wanda ya zaga Ikara ko Maƙarfi ko Hunƙuyi, hedkwatar Kudan, zai ga ƙananan makarantun kuɗi sun yawaita, wata ma ɗakuna huɗu ce kawai da allon suna a bakin ƙofa. Tun da aka fara shirin ilmin firamare kyauta a 1976, har dokar 2004 da ta wajabta karatun shekara 9 kyauta, yara suka yi wa azuzuwan gwamnati yawa. A 2017 kuma gwamnatin Jihar Kaduna ta ce malaman firamare fiye da 21,000 sun faɗi jarrabawar da ta yi musu. Ba mamaki manomin rake ko na tumatir ya tsakuri abin da ya samu ya kai ɗansa makarantar kuɗi.

To, abin tambaya shi ne: idan uba ya biya, ya karɓi rasit, shin ya sauke nauyin da Allah Ya ɗora masa ke nan? Amsa ita ce a'a. Ɗa amana ne a wuyan mahaifinsa, malami kuwa wakili ne, kuma wanda ya wakilta wani bai kuɓuta ba sai ya bincika yadda wakilin yake yi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a cikin Nurul Albabi ya zargi malaman da suke karantar da almajirai alhali sun bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, watau haƙƙin na gida yana kan mai gida tukuna.

Saboda haka ya kamata uba ya san yadda yinin ɗansa yake tafiya. Yaron nan sau da yawa ya yi karatun allo da asuba, ya tafi boko kafin ƙarfe 8, da la'asar kuma Islamiyya tana jiransa. Shin ya karya kumallo? In an fita tara, me yake saye a bakin ƙofa? Akwai ruwan sha da na alwala? Akwai makewayi dabam na 'yan mata? In azahar ta riske su, ana tsayar da salla? Manufar ilmi ta ƙasa ta 2004 ta ƙayyade yara 35 ga malami ɗaya a firamare, kuma takardar NCE ita ce mafi ƙanƙantar shaidar koyarwa. Uba ya shiga aji ya ƙirga da idonsa, gani ya kori ji. Ya kuma tambaya ko gwamnatin jiha ta yi wa makarantar rajista.

Wani zai ce, ni ban yi boko ba, yaya zan auna abin da ban sani ba? Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya, amma ba duka ba. Wanda bai iya Turanci ba ya iya gane littafin da aka yi wata guda malami bai sa jan biro a ciki ba, ya iya gane shatar bulala a bayan yaro, ya kuma iya sa ɗan maƙwabci ya saurari karatun ɗansa.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen sakamakon jarrabawa. Mai ƙaramar makaranta yana tsoron kada a cire yaro, sai ya ga gara ya rubuta maki mai daɗin gani. Wannan algus ne, daidai da na mai jera manyan tumatir a bakin kwando ya ɓoye ruɓaɓɓu a ƙasa. Amma uban da yake fushi duk ran da aka faɗa masa gaskiya, shi ne ya koya wa malami ƙarya, kuma suna tarayya cikin laifin.

Haka nan makaranta tana da haƙƙi a kan uba. Albashin malami daga kuɗin yara yake fitowa, wanda ya jinkirta biya alhali yana da hali ya zalunci malamin da iyalinsa. Shi kuma mai makaranta, ya nemi uba su yi magana, kada ya tsayar da yaro gaban 'yan'uwansa ya kunyata shi a kan bashin da ba shi ya ci ba. In manomi ya nemi a jira shi zuwa kaka ko lokacin saran rake, yi wa wanda ke cikin ƙunci jinkiri aikin lada ne, muddin shi ma ya cika alkawari.

Uba ya riƙa leƙa makaranta ko sau ɗaya a wata, ba sai an aiko masa ba, uwa kuma ta riƙa buɗe jaka da yamma. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya shirya mana zuriyarmu, Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.