GODIYA A GINDIN GICCIYE

Hausawa na cewa yaba kyauta tukwici. Ba kuwa wanda mu ke ƙi kamar butulu, wanda za ka yi wa rana shi ya yi maka dare. Amma akwai wata tambaya da ta kamata mu zauna mu yi nazari a kanta. Shin godiya sai ran da rumbu ya cika? In damina ta yi gardama, ko cuta ta shiga gida, ko jari ya karye, da sauran abin da mutum zai gode? Kowane addini yana da tasa amsa. A nan ina so in bayyana wadda maƙwabtanmu Kirista su ke bayarwa, domin gari ɗaya mu ke zaune, kasuwa ɗaya mu ke ci, rashin sani kuwa ya fi dare duhu.

Tun da fari ya kamata mai karatu ya san inda hanya ta rabu. Musulmi sun yi imani cewa Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, bai mutu a kan gicciye ba, Allah ne ya ɗauke shi, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i. Kirista kuwa sun gaskata an gicciye shi ranar wata Jumma'a a bayan birnin Urushalima, zamanin da Bilatus ya ke gwamnan Yahudiya, watau tsakanin shekara ta 26 da ta 36, sa'an nan ya tashi a rana ta uku. Ba gardamar wannan ta kawo mu ba. Abin da mu ke nema shi ne mu gane yadda godiyar Kirista ta tsiro daga wannan imani nasu.

Shi gicciye, a wurin Romawa, itacen wulakanci ne. Bayi da 'yan fashi da masu tayar wa hukuma kayar baya su a ke kafawa a kansa, a bakin hanya, don jama'a su gani su tsorata. To, yaya aka yi abin kunya irin wannan ya zama alamar da mutane ke ɗorawa a kan majami'unsu, suna kuma ratayawa a wuya?

Ga yadda su ke bayani. Sun ce ɗan Adam mai bashi ne a gaban Allah saboda zunubinsa, bashin kuwa ya fi ƙarfinsa. Ka ɗauka an kai mutum gaban alƙali a kan bashin da ko ya sayar da gona da gida ba zai iya biya ba. Ana shirin wucewa da shi gidan yari, sai wani ya miƙe ya biya duka daga aljihunsa, aka rubuta rasidi aka danƙa wa mai bashin. A wurin Kirista, Almasihu shi ne wanda ya biya, da ransa ya biya, gicciye kuwa shi ne rasidin. Saboda haka ne su ke kiran ceto kyauta, abin da ba a saye da kuɗi ko da yawan aiki.

In ka fahimci wannan, amsar tambayarmu ta fito fili. Mutumin nan da aka fansa, ko da ya koma gida ya tarar ba tuwon dare, rasidinsa na nan a aljihu, fari ko fara ba su iya soke shi. Godiyar da ta dogara ga amfanin gona takan hau ta sauka kamar farashin gyaɗa. Wadda ta dogara ga abin da an riga an gama, ba ta da dalilin sauka. Babbar ibadarsu ma, wadda su ke kira Jibin Ubangiji, inda su ke gutsura gurasa su sha daga ƙoƙo don tunawa da mutuwar Almasihu, tsohon sunanta da Helenanci ma'anarsa godiya.

Tarihi ya nuna misalin wannan. A ƙasar Jamus an yi wani yaƙi na shekara 30, daga 1618 zuwa 1648. A garin Eilenburg akwai wani limamin Kirista mai suna Martin Rinkart. Cikin 1637 annoba ta faɗa wa garin, ya yi jana'izar mutum fiye da 4,000, har da matarsa a cikinsu. Amma wannan mutum, a zamanin wannan yaƙi, shi ne ya tsara wata waƙar godiya ga Allah wadda har yau a ke rerawa a majami'u cikin harsuna da yawa. Lalle ba cikar rumbu ce ta sa shi godiya ba.

Saura tambaya ta biyu. Kyautar da ba ka iya ramawa, yaya za ka gode mata? Al'adarmu ta tukwici za ta taimake mu. In sarki ya aiko maka da doki, ba ka mayar wa sarki da doki, gama ba ka da shi, shi kuma ba ya bukata. Ɗan abin da ka ke iyawa za ka ba manzon da ya jawo dokin. Tukwici bai kai kyauta ba, kuma hannun wani ya ke shiga. Haka Kirista su ke cewa, Allah ba ya bukatar kome daga gare su, don haka godiyarsu sai ta bi ta kan maƙwabci.

A Linjilar Matiyu akwai misalin wani bara da sarki ya yafe wa bashin talanti 10,000. Talanti guda dinari 6,000 ne, dinari kuwa ladan lebura ne na yini ɗaya. Ka buga lissafi, za ka sami aikin yini miliyan 60. Fitarsa ke da wuya sai ya gamu da wani ɗan'uwansa bara wanda ya ke bi dinari 100 kacal, ya shaƙe shi, ya sa aka kulle shi. Da sarki ya ji, ya fusata, ya hukunta shi. Ma'anar a bayyane ta ke. Wanda aka yafe wa dutse, in ya kasa yafe tsakuwa, bakinsa ne kaɗai ya ce na gode.

A Linjilar Luka kuma an ba da labarin kutare 10 da suka warke a hannun Almasihu, amma ɗaya tak ya komo ya yi godiya, shi ma Basamariye ne, watau bare. A ƙasarmu, tun wajen ƙarshen shekarun 1930, ma'aikatan mishan na S.I.M. sun karɓi aikin jiyyar kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. Ba shakka suna da nufin yaɗa addininsu, ba su kuwa ɓoye ba. Duk da haka, wanke gyambon mutumin da danginsa ke gudu, shekara da shekaru, aiki ne da ba kowa ke iyawa ba, su kuwa a ganinsu tukwici ne su ke bayarwa.

Wani zai ce, in an riga an biya wa mutum bashi, me zai hana shi ya miƙe ƙafa ya ci wani sabo? Wannan tambaya tana da nauyi, malaman Kirista ma tun zamanin Manzo Bulus su ke amsa ta. Amsarsu ita ce, wanda ya san tsadar abin da aka fanshe shi da shi ba ya wasa da shi, wanda ya yi wasa da shi kuwa ya nuna bai san tsadarsa ba. Gaskiya ne ba duk mai rataye da gicciye ne ya cika wannan ba, kamar yadda ba duk mai riƙe da carbi ne ya ke tsoron Allah ba. Akwai mai kai baiko majami'a don a gan shi, akwai mai godiya yau don a ƙara masa gobe, wannan kuwa ciniki ne.

To, jama'a, ko wane ne addininka, ga ma'auni biyu da za ka gwada godiyarka da su. Na farko, tana tsayawa ran da hannunka ya ke wofi? Na biyu, maƙwabcinka ya taɓa ɗanɗana ta? In ta ci waɗannan biyu, godiya ce ta gaske. Allah ya raba mu da butulci, ya ba mu zaman lafiya da juna, amin.