"Dubawa Kawai Aka Yi Min, Malama"



Kwanakin baya mahaifiyar wata ɗalibata ta tare ni bayan an tashi Islamiyya a nan Samaru. Ta ce, "Malama, ni fa ba asiri na je yi ba, dubawa kawai aka yi min." Maigidanta ne ya fara kai dare a waje, sai ta shiga mota har Sabon Gari wajen mai bugun ƙasa, ta miƙa masa kuɗin cefanen kwana uku. Ya zana yashi, ya ce akwai wata farar mace kusa da ruwa. Tun ranar gidan ba lafiya.

'Yar'uwa, kin san gwamnatin Amurka ma ta taɓa neman masu duba? A 1972 hukumar leƙen asirinta, CIA, ta fara biyan kuɗi a gwada masu cewa suna hango wuri mai nisa daga zaune. Daga baya sojoji suka riƙe shirin, har aka sa masa suna Stargate. A ba mutum lambobin wani wuri a Tarayyar Sobiyat, ya zana abin da ya "gani". Da aka sace Janar James Dozier a Italiya a 1981 an tambaye su, amma 'yan sandan Italiya ne suka kuɓutar da shi bayan kwana 42. Binciken 1995 ya nuna ba a taɓa samun bayanin da aka yi aiki da shi ba, sai maganganu a dunƙule, irin dai na mutumin Sabon Gari. Aka rufe shirin, kusan dala miliyan 20 ta tafi.

Mu kuwa tuni Alƙur'ani ya gaya mana. Ki duba Suratu Saba'i, aya ta 14: aljanu na ta shan wahalar aiki alhali Annabi Sulaiman (AS) ya rasu a gabansu, ba su sani ba sai da gara ta cinye sandarsa. To su ne za su gano miki inda maigida ya tsaya a Kwangila? Kuma a hadisin Muslim, wanda ya je ya tambayi ɗan duba ba a karɓar sallarsa ta kwana arba'in. Tambaya kawai fa! Ga kuma bin diddigi da Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana.

Na ce mata ta tuba, kada ta fasa salla ko ɗaya, ta zaunar da maigidan bayan isha'i ta tambaye shi da bakinta; in ya ƙi, akwai magabata. Kuɗin cefanen dai bai dawo ba.