Wa Ke Kwana A Cikin Hoton?

Akwai wani reshe na aikin jarida da abokan aikinmu masu bin labaran siyasa da na kotu suke yi wa kallon hutu, wato rubutu a kan gine-gine da zane-zane da tafiye-tafiye da al'adun mutane. A ganinsu mai wannan aiki ba shi da wani nauyi a wuyansa, illa ya hau jirgi, ya sauka a otal, ya ɗauki hoto, ya dawo ya zuba kalmomi masu zaƙi. Ni kuwa da na jima ina cin abinci a wannan fage, ina ganin a nan ne ƙarya ta fi samun maɓoya, domin ba ta bukatar a faɗi abin da bai faru ba. Ya isa mutum ya karkata kyamararsa kaɗan.

Mu ɗauki garin Jenne na ƙasar Mali. Masallacinsa, wanda aka gina a siffarsa ta yanzu a 1907, shi ne ginin ƙasa mafi girma a duniya, kuma da wuya a sami mujallar yawon buɗe ido da ba ta taɓa buga hotonsa ba. Kowace shekara mutanen garin kan fito kwansu da kwarkwatarsu su yi masa yaɓe, maza na hawa kan itatuwan giginya da aka bari a jikin bango, mata na ɗebo ruwa, yara na cuɗa laka. Duk wannan gaskiya ne, kuma wanda ya rubuta shi bai yi wa kowa ƙage ba.

To amma tun 1988 da hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya, gidajen da ke kewaye da masallacin su ma suka zama abin adanawa. Magidanci ba shi da cikakken ikon sake fasalin gidan da ya gada daga kakanninsa. Yana son ya faɗaɗa ɗaki ko ya yi aikin siminti don ya huta da gyaran bayan damina, sai a tuna masa cewa gidan nasa na duniya ne. Duniyar kuwa ba ta kwana a ciki idan rufi ya fara yoyo. A 2006 tarzoma ta ɓarke a garin lokacin da aka ga ma'aikatan wata gidauniyar ƙetare suna duba rufin masallacin, kuma ni ban ɗauki wannan fushi a matsayin na rana ɗaya ba. Fushi ne na mutanen da suka daɗe suna ganin baƙi na yanke shawara a kan abin da yake nasu.

Tambayata ita ce: shin ya halatta ga marubuci ya yabi kyau ya yi shiru a kan wanda ke biyan kuɗin kyan?

Masu cewa ya halatta suna da hujja, kuma ba zan raina ta ba. Suna cewa mai sharhin gini ba alƙali ba ne, an aike shi ne ya ga bango da haske da inuwa. Suna kuma cewa hotunan nan masu ɗaukar ido su ne suka riƙa jawo baƙi, baƙin nan kuwa su ne abincin masu yi musu jagora da masu masauki, kafin rashin tsaro ya kore su har aka sa garin cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari a 2016. Na yarda da rabin maganar. Inda na rabu da su shi ne, mai karatu a Landan ko Tokiyo ba zai taɓa taka Jenne ba, abin da na nuna masa shi ne garin gaba ɗaya a wurinsa. Idan na ba shi bango na hana shi mutum, na ci amanar wannan yarda da ya yi mini, ko da kowace jimla tawa gaskiya ce.

Sai dai kishin talaka shi ma yana da raminsa, kuma wannan ne darasin da ya fi ba ni tsoro. A 2014 an tambayi Zaha Hadid, 'yar asalin Iraƙi, mace ta farko da ta ci kyautar Pritzker ta masu zanen gini, game da mace-macen leburori baƙi a Katar, inda ta zana filin wasa na Al Wakrah domin gasar cin kofin duniya ta 2022. Amsarta ita ce wannan lamari ne na gwamnati, ba aikin mai zanen gini ba. Amsar ta yi wa mutane da yawa zafi, ni ma haka. Amma wani mai sharhi a mujallar New York Review of Books ya wuce gona da iri, ya danganta mutuwar ɗimbin leburori da aikin nata, alhali a lokacin ko fara ginin filin ba a yi ba. Ta kai ƙara, ya janye maganarsa ya nemi gafara. Wa ya yi asara? Leburorin ne, domin an miƙa wa masu son a binne zancen wata sanda da za su riƙa dukan duk wanda ya sake ɗaga shi. Mutumin yana da gaskiya a kan zaluncin, amma ya yi gaggawa a kan lissafi, shi kuwa ramin ƙarya ƙurarre ne ko da da kyakkyawar niyya aka haƙa shi.

Saboda haka a nawa aikin nakan ƙara tambayoyin da edita bai sa ni ba: wa ya ɗora tubalin, nawa aka biya shi, wa ke share wurin da asuba, wa aka tasa kafin a aza harsashi. Wani lokaci amsar ba ta wuce layi biyu a shafi, wani lokaci ita ce ke cinye labarin. Akwai ma abin da ya fi wannan ƙanƙanta, wato rubutun da ake sawa a ƙarƙashin hoto. Idan ginin na Faris ne ko na Dubai, ba a mantawa da sunan wanda ya zana shi. Masallacin Jenne kuwa galibi sai a ce aikin mutanen gari ne, kamar tsirowa ya yi daga ƙasa, alhali an san wanda ya jagoranci gininsa a 1907: Isma'ila Tarawore, sarkin maginan garin a wancan zamani.