Sanin abin da ido bai gani ba

Molekul, wato ƙwayar sinadari, ta yi ƙanƙantar da ido ba ya iya kai wa gare ta, ko da madubin ƙara girma na yau da kullum. Duk da haka masana kemistiri suna zana surarta, su fayyace atom ɗin da ke riƙe da ɗan'uwansa. Hausawa sun ce gani ya kori ji, to wane matsayi ne ga sanin da ba a same shi ta gani ba?

Ɗaya daga cikin manyan hanyoyin wannan sani ita ce NMR, wadda Felix Bloch da Edward Purcell suka bayyana a Amurka a 1946. Ana sa sinadari cikin maganaɗisu mai ƙarfi, a aika masa igiyar rediyo, cibiyoyin atom na haidurojin da na kabon su amsa. Da farko amsar kan fito a layi guda, inda alamomi ke hawa kan juna idan sun yi yawa. A 1971 Jean Jeener, ɗan Beljiyam, ya ba da shawarar a shimfiɗa ta tsawo da faɗi kamar taswira. Richard Ernst ya aiwatar da ita a Zurich, ya sami lambar Nobel a 1991.

A wannan taswira, duk ɗigon da ya kauce wa layin da ya ratsa ta daga kusurwa zuwa kusurwa shaida ce ta dangantaka tsakanin atom biyu. Gwajin COSY yana nuna haidurojin da mahaɗi biyu ko uku suka raba. NOESY kuwa yana nuna waɗanda suka kusanci juna ƙasa da angsturom 5 (wani ɗan ƙanƙanin ma'aunin tsawo), ko babu mahaɗi tsakaninsu. Da irin wannan Kurt Wüthrich ya fitar da surar furotin a cikin ruwa a 1985.

Wato ana gane atom ne ta maƙwabtansa. Malaman mantiƙi da tauhidi suna kiran wannan istidlali: a ga hayaƙi a san da wuta, a ga sawu a san raƙumi ya wuce. Ƙarfinsa yana cikin haɗuwar shaidu masu zaman kansu, kamar yadda tawaturi, wato zuwan labari ta hanyoyi masu yawa, ke ƙarfafa riwaya. Ɗigo ɗaya na iya ɗaukar fassara biyu, shi ya sa aka sha gyara surar wasu sinadarai bayan an haɗa su a ɗakin gwaji an kwatanta. Amma idan gwaje-gwaje daban-daban suka dace a kan sura guda, hankali yakan natsu a kanta, ko da ido bai taɓa ganinta ba.