Itacen da Ake Cin 'Ya'yansa



Wanda ya bi hanyar Zuru zuwa Bena ya ga buhunan gawayi jere a bakin titi suna jiran mota. In ka tambayi wane itace aka ƙona, sau da yawa kaɗanya ce, gama gawayinta yana daɗewa a murhu. Itacen da yakan yi shekara 15 ko fiye kafin ya fara 'ya'ya, gatari ya kayar da shi da hantsi ɗaya.

A Maimaitawar Shari'a, sura 20, Musa ya hana Isra'ilawa sare itatuwa masu ba da abinci, ko da sun kewaye birnin maƙiyi da yaƙi. To, in Allah ya tsare itacen maƙiyi, ina ga na gonar ubanka?

Kakanninmu ba su karanta Musa ba, amma in suna sharar gona sukan bar kaɗanya da ɗorawa a tsaye. Ba ma'aikacin gandun daji ne ya hana su ba. Tarbiyya ce, da tatsuniyar dare, da kunyar dattawa, da sanin cewa man kaɗanya da daddawa su ne jarin uwargida. Shi ya sa a 1990 Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ce lalacewar muhalli matsala ce ta halin mutum. A 2015 kuma Paparoma Francis, cikin wasiƙarsa Laudato Si', ya roƙi duniya kada ta dogara ga kimiyya kaɗai, ta saurari al'adun jama'a da waƙoƙinsu da bangaskiyarsu. Masani zai ƙidaya itatuwan da suka rage, amma ba shi zai riƙe hannun mai gatari ba.

Na sani yunwa ce take tura da yawanmu, musamman waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu. Ba na hukunta su. Amma kai da rumbunka yake cike, kana sayen buhu ka loda wa mota, me za ka faɗa wa Ubangiji?

Ranar 1 ga Satumba Ikilisiya tana addu'a domin kula da halitta. Bari kowane katikis ya gayyaci dattijo bayan Misa, ya koya wa yara sunayen itatuwa da C'lela da Hausa. Zumuntar Mata su kawo kalwa mu shuka a harabar coci tun damina ba ta ɗauke ba. Matasa, ku ne da shinge, saboda awaki.

Allah ya taimake mu. Amin.