Wa Ke da Bakin Cewa "Ƙaddara Ce"?

Daga lokacin da ruwa ya zauna a watan Yuli har ƙarshen Satumba, duk wanda gonarsa ta yi nisa da kwalta a ƙasar Faskari ya san abin da ke iya shiga daji da abin da ba ya iyawa. Ƙaramar mota ba ta ma gwadawa. Babur yana kutsawa, amma buhu biyu ne ƙarfinsa. Tarakta ce kaɗai ke ratsa taɓo da kwazazzabo. Ita ke huɗa, ita ke kai taki, in kaka ta yi kuma ita ke kwaso masara da dawa da waken suya zuwa Daudawa, manyan motoci su wuce da su Funtuwa ko Ɗandume. Garinmu Daudawa ba baƙon noman zamani ba ne, tun zamanin Turawa aka kafa gonar irin auduga a nan. Ni kaina ina da tarakta ɗaya, tsohuwar Massey Ferguson da muka gada, ina ba da ita haya, da ita nake ciyar da gida. Saboda haka abin da zan faɗa ya hau kaina kafin ya hau kan kowa.

Idan tarakta ta kife da mutum, ko yaro ya faɗo taya ta bi ta kansa, magana ɗaya ake ji daga bakin kowa: ƙaddara ce. Na yi imani da ƙaddara, mai daɗi da marar daɗi, wanda bai yi imani da ita ba imaninsa bai cika ba. Abin da ke damuna shi ne, anya kowane baki ne ya cancanci furta wannan magana a wannan lokaci?

Shekarun baya na je gaisuwar mutuwa a wani ƙauye da ke yamma da mu. Wata tarakta ce ta ɗauko masara cike da tirela, ta zo gangaren rafi. Direban ya sake ta a furi don ya rage shan dizal. Tarakta takalman birki biyu gare ta, na tayar hagu da na dama, an raba su ne don a iya juyawa a ƙurarren wuri a ƙarshen kunya, amma da an hau hanya sai a haɗe su da wani ɗan ƙarfe su zama ɗaya. Wannan ɗan ƙarfen ya karye tun kafin damina. Da nauyin tirela ya turo ta, direban ya taka, ƙafarsa ta sami ɗaya ta bar ɗaya, tarakta ta murɗe gefe guda. Akwai yaro zaune a kan madigadi, an rage masa hanya daga gona, da 'yar fartanyarsa a kafaɗa. Bai kai gida ba.

A zauren gaisuwa mahaifin yaron, dattijo ne, idonsa ya yi ja amma muryarsa ba ta rawa, ya ce haka Allah ya rubuta wa ɗansa tun kafin a haife shi, kuma ya yafe. Duk wanda ke wurin sai da jikinsa ya yi sanyi. Can sai ga mai taraktar ya shigo da tawagarsa, ya durƙusa ya ce, "Baba, sai haƙuri. Ƙaddara ce, ba mai tsallake ta." Mutanen garin sun san direban ya sha gaya masa maganar birki, yana cewa a bari a gama aikin da aka karɓi kuɗinsa tukuna.

Kalmomin iri ɗaya ne, amma ba abu ɗaya aka faɗa ba. Dattijon ya miƙa wuya ga Ubangijinsa a kan abin da ba shi da hannu a ciki. Mai taraktar kuwa ya ɗauki nauyin da ke wuyansa yana neman inda zai sauke shi, ya rasa kowa sai Allah.

Na kai wannan magana zauren malaminmu, inda muke bitar Risala bayan asuba. Na ce, "Allah gafarta Malam, in ajalin yaron ya riga ya zo, ko da birkin lafiya lau yake ai ba zai ƙara minti ɗaya ba. To, mene ne laifin mai mota?" Malam bai musa maganar ajali ba. Ya ce ajali sirri ne da ba a ba mu iliminsa ba, kuma ba a kansa za a tambaye mu ba. Abin da aka ba mu shi ne umarni da hani, da hankali, da hannu. Ya buɗe babin hukuncin jini ya nuna mana inda Ibn Abi Zaid ya ɗora lamuni a kan mahayin dabba da mai janta da mai korarta idan ta taka wani abu ta lalata. Malaman da suka rubuta wannan sun fi mu sanin ƙaddara nesa ba kusa ba, duk da haka ba su ce a sallami mahayi don an riga an rubuta ba. Suratun Nisa'i ma ta wajabta diyya da kaffara a kan kisan kuskure, azumin wata biyu a jere ga wanda bai sami wuyan 'yantawa ba. In da faɗin ƙaddara yana wanke mutum, da wannan hukunci bai sauka ba. Yafewar dangi tana ɗauke diyya, amma kaffara hakkin Allah ce, mahaifin yaro ba shi da ikon yafe ta.

Kada wani ya ce ai wannan zancen doki da raƙumi ne. A shekarar 1993 majalisar malaman fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Burunai ta duba haɗurran ababen hawa. Ta yanke cewa bin dokokin tuƙi da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma direba yana ɗaukar nauyin ɓarnar da ya jawo, sai fa idan abin ya zo ta hanyar da ta fi ƙarfinsa, wadda ba yadda zai yi ya kauce mata.

Kowa a garin nan ya san labarin mutumin da ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah, aka umarce shi ya ɗaure sannan ya dogara. Muna ba yara labarin a Islamiyya, amma ba mu cika kai shi gareji ba. Ni labarin da ya fi zauna mini shi ne na Sayyidina Umar, lokacin da ya nufi Sham ya sami labarin annoba ta ɓarke, ya yi shawara ya juya da jama'a. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi. Umar ya nuna masa cewa juyawar ma ƙaddarar Allah ce, kamar yadda shigar take, kuma makiyayin da ya zaɓi wuri mai ciyawa ya bar ƙeƙasasshe bai fita daga ƙaddara ba. Ashe gyaran birki ba ja-in-ja da abin da aka rubuta ba ne. Shi ma yana cikin abin da aka rubuta, kuma shi ne ɓangaren da aka damƙa a hannunka.

Mene ne ɗaure raƙumi ga mai tarakta? Ba wani abu ne mai zurfi ba. Da sassafe, kafin a tayar, direbana yakan zaro sandar baƙin mai ya goge a tsumma, ya mayar ya sake zarowa ya duba. Ya leƙa ruwan lagireto tun injin yana sanyi, don wanda ya buɗe murfin da zafi tafasasshen ruwa zai wanke masa fuska. Ya tsiyaye ruwan da ya kwanta a ƙasan matatar dizal, tunda man da muke saye a jarka ba a rasa shi da ruwa da datti. Da hunturu matatar iska kan toshe da ƙura cikin 'yan kwanaki. Ya zagaya tayoyi ya taɓa notuna, ya sa giris inda ake sawa, ya taka birki ya ji. Duka ba ya cin lokacin da ake ɓatawa wajen shan kunu.

Waɗanda suka fi kashe mutane kuwa ba lalacewar inji ba ne, halaye ne. Idan tirela ta kafe a laka, sai ka ga an ɗaura sarƙa a can sama, bayan kujerar direba, wai ta fi jan ƙarfi. Tarakta ba ta yafe wannan. Tayoyin baya in sun kasa juyawa, jikin taraktar ne ke juyawa a kansu, gaba ya ɗaga sama, cikin daƙiƙa ɗaya da rabi ta kife ta baya a kan direba, kafin ƙafarsa ta kai ga kuloci. Wurin ja yana ƙasa da tsakiyar tayoyin baya, can maƙera suka sa shi, kuma ba a banza ba. Haka sandar nan ta baya da ake haɗa injin sussuka da ita: tana juyawa sau 540 a minti ɗaya, wato sau 9 a daƙiƙa. In ta kama bakin riga ko jelar rawani, babu wanda ya isa ya fizge. Murfinta kuwa shi ne abu na farko da ake cirewa a jefar. Ga masu shiga ƙarƙashin haro an ɗaga shi sama da ƙarfin mai kawai, ba a tokare da komai ba. Ga gangara a furi. Ga yara a madigadi, wurin da ba kujera, ba abin riƙewa, taya tana juyawa a ƙarƙashin ƙafarsu.

A ƙasar Suwidin, tun 1959 aka wajabta sa wa sababbin taraktoci ƙarfen kariya da ke hana su murƙushe direba in sun kife. Cikin shekarun da suka biyo baya, mutuwa ta wannan hanya ta ragu da fiye da kashi 90 cikin 100. Shin an ƙara wa manoman Suwidin kwana ne a kan abin da aka rubuta musu? A'a. Allah ya ƙaddara musu tsira, ya kuma ƙaddara sababinta, suka riƙe shi. Mu a nan rumfar da mai walda ke yi mana da siririn bututu inuwa ce kawai, ranar kifewa tare za ta lanƙwashe da mai zama a ƙarƙashinta. Wanda taraktarsa ta zo da ƙarfen asali kada ya yanke shi, ya kuma sa direba ya ɗaura bel, don ƙarfen ba ya amfanin wanda aka wurgar waje.

Na san abin da 'yan uwana masu tarakta za su ce, kuma ba ƙarya suke yi ba. Litar dizal ta haura naira 1,000 a 'yan shekarun nan. Kayan gyara sai an je Funtuwa, wani lokaci Zariya ko Kano, a dawo da na jabu. Damina ba ta jira, wanda ya biya kuɗin huɗa yana tsaye a ƙofar gida. Sannan ga abin da ya fi duka nauyi. Tun kafin a kwashe ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba 2020, da kuma bayan haka, manomin Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara yana aiki ne kunnensa na daji. Direba yana son ya gama ya fito kafin rana ta yi sanyi. Idan aka ji ƙarar babura aka kwashi mata da yara a tirela aka zura da gudu, babu malamin da zai ce an yi laifi, ko da wani ya faɗo. Wannan larura ce, shari'a ta san da ita. Amma larura gwargwadonta ake ɗauka. Ba za mu ɗauki hukuncin ranar gudu mu shimfiɗa shi a kan ranar cin kasuwar Sheme ba. Hasali ma, wanda yake aiki a bakin daji shi ya fi kowa bukatar taraktar da za ta tashi bugu ɗaya, mai birki, mai fitila. Ɗan ƙarfen da ya karye a waccan tarakta kuwa, mai walda zai gyara shi da kuɗin da bai kai na buhun masara ɗaya ba.

Akwai kuma wanda ya yi duk abin da ya kamata, abin ya zo ya same shi. Gaɓar rafi ta zabtare a ƙarƙashinsa, ko sabuwar taya ta fashe. Irin wannan direban na taɓa ganin ya bar tuƙi, ya rame, ya daina shiga mutane. Shi ne ya kamata a je a zauna da shi a ce masa, "Ɗan uwa, ƙaddara ce," a faɗa da gaske, don a nan maganar take da gurbi, kuma rahama ce a gare shi. Abin baƙin ciki, yawan faɗinta a inda bai dace ba ya sa ta yi sauƙi a baki, har wanda ya cancance ta ba ya jin sanyinta.

Ina roƙon limamanmu na Daudawa da kewaye, kamar yadda ake huɗuba a kan zakkar amfanin gona in kaka ta zo, a yi huɗuba ɗaya a farkon damina a kan hakkin rai da ke wuyan mai abin hawa. Ku kuma 'yan uwana masu tarakta, ranar da direba ya zo ya ce, "Alhaji, birki ya yi sanyi," a kashe inji a kira bakanike, ko da za a mayar wa mai gona kuɗinsa. Yaron da ya ɗaga hannu a hanya yana neman a rage masa tafiya, in babu wurin zama a cikin tirela, a ba shi haƙuri ya taka da ƙafarsa.