Mudun da Mai Saye Ba Ya Gani

A kasuwar Rogo, wanda ya je awon masara yana tsaye ake cika mudu a gabansa. In an tauye, idonsa zai gaya masa, maƙwabcin rumfa ma shaida ne. To ɗan kasuwar da ya biya kuɗi a gina masa shafin intanet fa, da me zai auna? Tambayar nan ta hana ni sakat tun da yaranmu na Karaye suka shiga wannan sana'a, wasu sun koyo a Kano, wasu a hannun 'yan bautar ƙasa da ake turowa makarantunmu in sun fito daga sansanin Kusalla.

Ɗan wana yana cikinsu. Wani mai bandar kifi da ke saro kaya a bakin madatsar Challawa ya same shi ya ce, "Yaro, ni ban san kan abin nan ba, ka yi mini yadda kake yi wa mutane." Da dare yaron ya zo mini da maganar: "Baffa, nawa zan ce masa? Ko na ninka sau uku ba zai gane ba."

Na ce masa shari'a ba ta yanka wa kowa riba ba. Da kaya suka yi tsada a Madina aka roƙi Annabi (SAW) ya ƙayyade farashi, bai yi ba. A mazhabarmu ta Malikiyya ma, maganar da ta fi shahara ita ce tsada kaɗai ba ta warware cinikin mutum biyu da suka yi tayi da idonsu buɗe. Amma malamai sun ware mutum ɗaya: wanda ya bayyana jahilcinsa ya miƙa wuya ga mai sayarwa, shi ake kira mustarsili. Shi kam ba ciniki ya zo yi ba, amana ya kawo, kuma cin ta haramun ne. A ganina kusan duk mai ƙaramin jari da ke neman shafi a ƙasar Karaye da Rogo haka yake, ko ya furta ko bai furta ba.

Tsadar ma ba ita ta fi damuna ba, ɓoyon ne. Sunan shafi haya ce da ake sabuntawa duk shekara, haka wurin ajiyarsa, amma sai a karɓi kuɗi a yi shiru, kamar an sayar wa mutum fili. Shekara na zagayowa shafi ya mutu. Wani zai yi rajistar sunan da nasa sunan, ya riƙe kalmar sirri, mai kaya ya koma ɗan haya a shagonsa. Wani zai ɗauko samfurin WordPress na kyauta ya rantse da hannunsa ya ƙera tun daga tushe. Wani kuwa ya lafta manyan hotuna da suke buɗewa tar a cikin birni, amma a ƙauyukan da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, mai saye ya gaji da jira ya rufe. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala a zaure ya san hukuncin ɓoye aibi, ya kuma san labarin tsibin abincin da Annabi (SAW) ya sa hannu a ciki ya tarar da danshi a ƙasa.

Masu saye ma ba tsarkaka ba ne. "Ai danne-danne ne kawai," in ji su, sai su taya aikin mako biyu da kuɗin da bai isa data da caji ba. Yaro ya karɓa don yunwa, ya yi aikin gaggawa, a dawo ana zaginsa. Ayoyin farkon Suratul Muɗaffifina ai da mai cika wa kansa ya tauye wa wani suke, ko wane gefen rumfa yake tsaye.

Hukumar Hisba, da dokar Kano ta kafa a 2003, za ta iya duba mudu da sikeli, amma ban ga yadda za ta leƙa cikin kwamfutar yaro ba. Abin da nake sa ɗan wana ya yi shi ne takarda da Hausa, kafin ya taɓa kwabo: sunan wa ke kan rajista, nawa ne kuɗin kowace shekara, wa ke riƙe da kalmar sirri, gyara har zuwa yaushe. In kuma ya ga WhatsApp da Facebook sun ishi mutum, ya faɗa masa, ko da cinikin zai tashi.